Takin da Baffa Kyari Ya Bar Mini

A shekarar da jirgin ƙasa ya iso Blitta, mutanen garinmu Sokode ba su da wata hira sai ta jirgi. Wanda ya je ya gani yana kwatanta hayaƙinsa, wanda bai je ba ya fi shi iya kwatantawa. Ni a shekarar na fara cika azumi, kuma babu abin da nake so kamar a kai ni kudu in ga wannan abin mamaki. Sai mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya haɗa ni da ayarin jakuna masu tafiya arewa, ya ce in je Dapango wajen ƙanensa Kyari in koyi noman lambu. Asalinmu Barebari ne. Fataucin goro ya kawo kakanmu ƙasar nan, ya zauna a zango, harshen Barno ya tafi ya bar mu da Hausa da tsage a fuska.

Abin da ya sa na ɗauko wannan tsohon zance shi ne jikokina da abokansu. Sun buɗe lambu a bayan gari, suna kai kaya kasuwa suna cewa nasu biyo ne. Kalmar Faransanci ce, wai abincin da ba a haɗa shi da magani ba. Na tambayi babbansu yadda ake yinsa, ya ce, "Kaka, ai ba wuya. Kada ka sa takin Bature, kada ka yi feshi, shi ke nan." Na je na ga lambun. Albasar ba ta kai ƙwan zabo ba, ganyen ya yi ɗorawa, ƙasar ta yi fari ta daskare. Ban yi masa musu a gaban abokansa ba. Amma na ce bari in rubuta yadda na koya, wanda Allah ya ba haƙurin karantawa ya karanta.

Aikin farko da Baffa Kyari ya ba ni ba ban ruwa ba ne, ba kuma dashe ba. Ya kai ni ƙarƙashin wata tsamiya a gefen lambu inda ya tara taki ya kai ƙirjina, ya miƙa mini fartanya ya ce in juya shi, na ciki ya dawo waje, na waje ya koma ciki. Na ce a raina, ashe wannan aka hana ni ganin jirgi dominsa. Da na gama, ya naɗe hannun riga ya cusa hannunsa har gwiwar hannu, ya karkata kai kamar mai sauraron wani abu. Sai ya kama nawa ya cusa. Ciki da zafi kamar tuwon da aka sauke yanzu. Ya ce, "Bukar, ka ji? Bai nuna ba. Idan ka ba albasa wannan, ka dafa ta tun tana ƙasa." Takin da ya nuna baƙi ne, yana marmashewa a hannu, ba ya wari, ƙamshinsa irin na ƙasa ne bayan ruwan farko. Za ka tarar da tana a cikinsa, da gwazarma farare masu ƙiba, kaji na bin ka duk inda ka ɗaga fartanya. Ɗanyen taki kuwa ƙone iri yake yi, ya cika maka fangali da ciyawa, ya jawo tsutsar da ke cin saiwa.

Sai da na yi damina guda ina juya taki da ɗaukarsa a mangala kafin ya bar ni in taɓa jigo. Jigonsa na itacen marke ne, da curin laka a gindi, da guga na ƙwarya a ɗaya bakin. Ana jan ruwa daga rijiyar fadama a zuba a magudana, ruwan ya bi fangali ɗaya bayan ɗaya, kana buɗewa da ƙafa kana toshewa da ƙafa. Mai kallo zai ce wasa ne. Albasa tana son ruwa amma ba ta son ta kwana a ciki, kuma idan ta kusa nuna dole ka janye mata shi a hankali, in ba haka ba ta ruɓe maka a rumfar ajiya. 'Yar fartanyar cirar ciyawa wajen wani maƙeri ɗan ƙabilar Moba muke sayenta a kasuwar Tanjuware, bakinta bai fi yatsu biyu ba, don ta shiga tsakanin shuka ba ta ji mata ciwo ba. Maganin ƙwari toka ce da ake barbaɗawa tun raɓa ba ta bushe ba, da ruwan ganyen taba da aka jiƙa, da kuma yatsun hannu. Bayan sallar asuba kowace rana mukan bi layi muna ɗaga ganye muna tsince tsutsa a gwangwani. Babu ranar hutu a wannan aiki, don tsutsa ba ta san Juma'a ba.

Iri ma ba saye muke yi ba. Ranar cire albasa, Baffa yakan zauna a kan buzu ya ware waɗanda suka fi tauri da siririn wuya, ya ajiye su daban. Su za a sake binnewa su yi fure, a karkaɗe ƙwayar a adana a gora da toka. Kukun kumandan, Baturen mulkin garin, ya sha zuwa yana nuna waɗannan ɗin da sanda yana cewa su yake so. Baffa ya ce masa, "Waɗannan iyaye ne, ba na sayarwa." Mahauta masu tsire su ma abokan cinikinmu ne, da matan Moba masu kawo gero su karɓi albasa, da matan zango masu sayen lawashi, wato ganyen albasar, su daka su cura su shanya ya zama gabu na miyar damina.

Amma gindin wannan sana'a duka yana wajen wani mutum ɗaya, Bafillace mai suna Sambo. Al'adar da na tarar ita ce, da kaka Baffa yakan ba shi damman gero daga gonarmu ta tudu, da harawar wake. Shi kuma da bazara, bayan an cire albasa, ya kawo garkensa su riƙa kwana a filin lambun, ana matsar da makwancinsu har su zagaye shi. Wani takin a bar shi nan damina ta dafa shi, wani a kwashe a kai gindin tsamiya. Ba takarda, ba shaida. Gero da kaka, taki da bazara.

Kun san wasan da ke tsakanin Babarbare da Bafillace. Sambo dogo ne siriri, kullum sanda a wuya, tun daga nesa yake ɗaga murya.

"Ina bawana Kyari? Ubangidanka ya iso, ka fito da ruwa!"

"Wa nake ji kamar bawan kakana? Shiga da su ta can, kada su taka mini magudana. Ka ci gerona ka ƙi yin ƙiba, asara biyu."

"Geronka ai duk ƙaiƙayi ne. Don tausayi nake karɓa."

Sai su tafa su zauna. Amma kafin saniya ɗaya ta shiga filin, Baffa yakan daina dariya ya yi tambaya guda, kuma kowace shekara sai ya yi ta: "Ina suka yi kiwo?" Sambo ya shiga lissafa masa, fadamar wuri kaza, karan dawa na ƙauye kaza, ruwan da suka sha. Washegari da hantsi Baffa ya je ya tsuguna a gaban kashin shanun yana kallo. Buzuzu yake jira. Idan ya ga sun sauka suna curawa suna mirginawa, sai ya miƙe ya ce bismillah. Sambo yakan ce, "Ka ga wulaƙanci. Ya fi yarda da ƙwaro a kan musulmi." Wata shekara shanun sun sha ruwa a ƙasan inda majema da marina ke zubar da nasu, Sambo da bakinsa ya faɗa, Baffa ya ce su koma daji su yi kwanaki tukuna. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Abin da saniya ta ci shi ƙasa za ta ci. Abin da ƙasa ta ci shi albasa za ta ci. Albasar kuma 'ya'yan mutane ne za su ci, kuma ni za a tambaya ranar gobe, ba saniya ba."

Mummunar shekara ta zo mana a lokacin yaƙin Turawa na biyu, na riga na zama saurayi har an fara yi mini zancen aure. Da kaka mun ba Sambo geronsa, har Baffa ya ƙara masa, ya kai rabin rumbu, saboda iyalinsa sun yi yawa. Da rani annoba ta shiga shanu. Saniya ta fara zawo, idanu na zubar ruwa, kwana kaɗan ta faɗi. Likitan dabbobi ya sa aka rufe hanyoyi, ana ƙona mushe, hayaƙi na tashi a daji ta ko'ina. Muka ji labarin garken Sambo ya ƙare sai 'yan kaɗan, ya kwashe su ya yi ƙasar Gurma. Bazara ta zo ta wuce filinmu ba kofato ko ɗaya. Mun bi gidaje muna sharar kashin awaki, mun tone tsohon juji, mun tankaɗe toka. Albasar shekarar ta fito, amma ƙanana, rabin abin da muka saba. Mutane suka ce wa Baffa Bafillace ya cinye shi. Ya ce, "Ku bar shi. Bawana ne, na san shi. Ba zai iya barci da gerona a cikinsa ba."

Baffa bai ga dawowarsa ba. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi bayan shekara biyu. Ranar da ya yi wasiyya a gaban liman da dattawan zango, ya raba 'yan tufafinsa da awakinsa ga 'ya'yansa mata, ya ce jigo da fartanyu da gorar iri nawa ne. Sai ya ƙara da cewa, "Akwai takina na bazara guda wajen Sambo. Na bar wa Bukar." Duk da halin da ake ciki sai da wani dattijo ya rufe baki da rawani. Shekaru bayan nan idan na shiga kasuwa ana ce mini, "Magajin kashin shanu, an kawo gadon?"

Filin Dapango aro ne daga wani gidan Moba, da Baffa ya rasu suka karɓi abinsu. Na ɗaure gorar iri da fartanyu na dawo Sokode. Wani dattijo ɗan ƙabilar Kotokoli ya ara mini fili a bakin rafi, a kan in riƙa kai masa kwandon farko duk shekara. Shekarun farko ƙasar sabuwa ce, ta ba ni ba tare da na ba ta wani abin kirki ba. A nan na sami Inna Azumi, mai sayar da shinkafa da wake a bakin tasha, mace mai faɗa da tsabta. Ita takan saye albasata da yawa ta adana har tsakiyar damina lokacin da ta yi tsada, kuma lawashina kaɗai take yin gabu da shi. Idan ta zo, sai ta ɗauki guda ta matsa wuyanta da babban yatsa, ta shinshina, ta ce, "Bukar, wannan za ta kai ni Sallah?" In ce da yardar Allah. Kuma tana kaiwa.

Matsalar Sokode ita ce shanu ba sa zama. Tsando ya yi yawa a kurmi, garke sai dai ya ratsa ya wuce Blitta a loda shi a jirgi. Ɗan takin da ke turken mahauta kuwa tun kafin ya faɗo ƙasa yana da mai shi. Na yi ta fama da kashin awaki da toka, filin kuma ya fi ƙarfinsu. Ƙasar ta fara yin fari, ruwa ya daina shiga sai ya kwanta a sama, in na tona ba na ganin tana. To 'ya'yana, a waɗannan shekarun ban sa takin Bature ba, ban yi feshi ba. A ma'aunin jikana, biyo nake yi. Ni kuwa na san yunwa nake sa wa ƙasar mutane, ina kwasa ba na mayarwa.

A lokacin ne, bayan yaƙi da 'yan shekaru, aka fara kawo farin takin nan mai kama da gishiri, muna ce masa angire. Malamin gona, wanda muke kira monite, saurayi ne mai ladabi, ya ba ni ɗan awo in gwada. Shi da kansa ya ce mini, "Baba, wannan yana tayar da shuka ne, ba ya gyara ƙasa. Ka haɗa shi da taki in ka samu." Na zuba a fangali biyu na bakin hanya, na kafa musu kara don kada su gauraya da sauran. Ba zan yi masa ƙarya ba, albasar ta yi girma har masu wucewa na tsayawa kallo. Na kai wa Inna Azumi kashi biyu, na ce wannan ta angire ce, wannan ta toka ce. Ta ɗauki babbar ta matsa wuyan, yatsanta ya shige. Ta ce, "Wannan ruwa ce ta sha ta kumbura. Ka kai wa 'yan kamyo, direbobin manyan motoci, masu ci yau su wuce." Ta ɗauki ƙaramar ta juya ta a tafin hannu. "Wannan kuma fa? Da allura zan yanka ta? Bukar, ni ba jikarka ba ce. Ka nemo mini irin ta da, ko in nemi wani." Ta gwada babbar duk da haka, kafin damina ta yi nisa ta ruɓe mata. Ban ce angire haram ba ne, ya ciyar da mutane da yawa. Amma ba shi Inna Azumi ke saye a wajena ba.

Da na kai wa mai filin kwandonsa na shekarar, ya daɗe yana kallonsa. Ya ce da irin Hausarsa, "Bukar, ƙasan nan ya gaji da kai. Ɗana yana so ya sa doya. Idan ruwan shuka ya sauka, zan karɓa." Na roƙe shi. Ya ce abu guda ne zai hana: a wajensu, wanda ya ciyar da ƙasa ba a karɓe ta daga hannunsa sai ya ci abin da ta haifa. "In na ga taki na gaske a kansa kafin ruwa, ka zauna. Ba wannan tokan matanka ba." Ina da mata da 'ya'ya a lokacin, kuma ban iya wata sana'a ba.

Bazara ta yi nisa, zafi ya kai inda ya kai, da yamma hadari ya fara leƙowa daga gabas. Wata safiya ina kwance jigo don in kai shi gida, sai na ji murya daga ƙetaren rafi.

"Ina ɗan bawana? An ce nan wani Babarbare yake wahalar da ƙasar mutane!"

Na ɗaga kai. Ya tsufa, gemu ya yi fari fat, amma sandar na nan a wuya. Na tsallaka ruwan ban ko naɗe wando ba. Ya ce ya yi shekaru yana kiwon shanun wasu a Gurma, ana ba shi maraƙi, har ya sake haɗa garke. Ya je Dapango neman Baffa aka nuna masa kabari, aka kuma gaya masa wasiyyar, ana dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya juyo da shanunsa kudu, cikin ƙasar tsando, tafiyar da babu makiyayin da zai yi ta da shanun da ba na sayarwa ba.

Na ce, "Baffa Sambo, Allah ne ya kawo ka. Ina suke? A shigo da su yau." Na gaya masa maganar mai fili.

Ya tokare haɓa da sanda. Ya ce, "Ba ka tambaye ni ba."

"Me zan tambaya?"

"Kyari bai koya maka komai ba ke nan. Yi tambayar."

Na ce, "Ina suka yi kiwo?"

Ya ce a hanya, kafin su iso, sun ratsa wasu gonakin auduga na gwaji da aka yi wa feshi, yaransa suka saki shanun suka ci ganyen da ya rage da ciyawar ƙasa, bai sani ba sai daga baya. "Tun ranar nake duba bayansu. Buzuzu ya sauka, sai in tarar da shi a kife, ƙafafu sama. Na kai su bayan dutse inda ba gona, su ci ciyawar Allah cikinsu ya wanke."

Na nuna masa gabas. Na ce, "Dubi sama. Tsohon nan ba ya duba buzuzu, kashi kawai yake son gani. Ka shigo da su yau, na yafe."

Ya ce, "Kai ka yafe. Geronka na ci? Mai geron ya ba ni tsaba mai kyau, ba ƙura ba tsakuwa. Aradu ba zan biya shi da abin da zai kore ni da shi ba don kawai ba ya nan."

Na yi magiya, na yi fushi, na ce masa taurin kan Fulani ne zai raba ni da abincin 'ya'yana. Ya ce, "Ƙwarai. Je ka yi addu'a, ku Barebari an ce malamai ne."

Kwanakin nan ban san adadinsu ba, na dai san kowace safiya bayan salla ina bayan dutse, ni da Sambo a tsugune muna kallon kashin shanu kamar masu duba. Wata rana da la'asar iska ta taso, aka yi yayyafi har ƙasa ta yi duhu. Washegari na tarar da mai fili a lambun, ɗansa na biye da shi, garma a kafaɗa. Tsohon ya dube ni, ya dubi filin da ba komai a kansa. Labarin Bafillacen ya riga ya kai masa, garin ba ya ɓoye irin wannan. Ya sa babban yatsan ƙafa ya tona ƙasar, busasshiya ta fito daga ƙasa. Ya ce wa ɗansa, "Wannan ba ruwa ba ne, tofi ne. Mu je gida." Allah ya saka masa da alheri, ya san abin da ya yi.

Ba a daɗe ba, wani hantsi, Sambo ya taɓa ni da sanda ya nuna. Buzuzu biyu sun cura ƙwallon da ya fi su girma, suna tura shi da ƙafafun baya, ya kuɓuce musu ya gangara, suka bi shi a guje. Can ga wasu, can ma ga wasu. Ya ce, "To, malamin Kyari ya sa hannu." Da yammar ranar garken ya shiga filina. Ina matsar da makwancinsu yadda na koya, daga bakin rafi zuwa bakin hanya, kuma Allah ya riƙe ruwan har suka kusa zagayewa. Ranar da ruwan shuka ya sauka da gaske, filin ya yi baƙi da taki, mai fili ya zo ya tsaya a bakin shinge ya ce, "Ka zauna."

Damina ta dafa shi, na sa wake a kai, bayan kaka na yi dashe da irin gorar Baffa. Da na cire, Inna Azumi ta matsa wuyan albasar yatsanta bai shiga ba. Ba ta yabe ni ba, ba halinta ba ne. Ta ce, "A kai mini gida, kuma kada ka sayar wa kowa lawashin." Daga shekarar na sayi 'yan shanu gajeru irin na ƙasar nan masu jure tsando, na ba wani makiyayi riƙo, don kada in sake jiran gado. Filin nan shi ne wanda iyayenku suka ci suka girma.

Saboda haka idan kun ce kayanku biyo ne, ni ba na tambayar abin da ba ku sa ba. Wannan kowane malalaci ya iya. Ina tambayar me kuka ba ƙasar, daga ina ya fito, wa ya gani da idonsa, kuma in mai saye ya juya baya za ku faɗi abin da kuka faɗa a gabansa.

Na tsallake ranar tafiyar Sambo. Ya yi asarar saniya biyu a Sokode, sammore, ciwon tsando, ya kama su, bai ko ambata ba, wajen yaransa na ji. Da safen da zai juya arewa, na ari jaki na ɗora masa damman gero da na saya a kasuwa, na kai masa bakin hanya, don ban san wata hanyar sallamar mai shanu ba sai wannan. Ya zagaya jakin yana kallo.

"Mene ne wannan?"

"Geron taki."

"Geron wannan takin na cinye shi tun kana tsince tsutsa a gwangwani. Mayar wa 'ya'yanka." Sai ya sauke sandar daga wuya, abin da ban taɓa gani ya yi ba, ya dafa ta da hannu biyu. Ya ce, "Bukar, kai ne magaji. Faɗa da bakinka in ji, yarana ma su ji."

Na ce, "Na karɓi takin Baffa Kyari na bazara guda daga hannun Sambo, cikakke, mai kyau. Babu sauran komai tsakaninsu, duniya da lahira."

Muka ɗaga hannu muka yi wa Baffa fatiha a tsakiyar hanya, shanu na ratsa mu. Ya shafa, ya mayar da sandarsa wuya. Har ya yi 'yan taku sai ya juyo.

"In ka riga ni zuwa, ka gaya wa bawana na biya. In na riga ka, ni zan gaya masa geron nasa ƙaiƙayi ne."